Abin da Baffa Joda ke binnewa a gindin raga

Duk wanda ya tashi a Barunde ya san Guguwa, wanda kuwa ya san Guguwa ya san Baffa Joda. Guguwar Barunde ƙungiyar ƙwallo ce ta unguwa. Ba ta da ofis, ba ta da mota, ba a taɓa nuna ta a talabijin ba, amma ka kuskura ka faɗi haka a gaban Baffa, nan za ka ga yadda tsoho ke miƙewa ba tare da ya nemi sandarsa ba.

Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya fara binta, tun Barunde tana gonaki da 'yan gidaje jefi-jefi. A aike shi ya kai wa babansa fura wurin shanu, sai ya ajiye ƙwaryar a gindin ɗorawa ya tsaya kallon wasa har furar ta yi tsami. Ya sha duka a kan haka, bai daina ba. Ya yi aikin ɗauko ƙwallo daga cikin dawa, ya yi gola shekara goma sha huɗu, ya yi kaftin, ya yi koci na wata uku aka sauke shi saboda zagin alƙalan wasa. Ya koma wankin jesi, har ranar da matarsa Inna Jumma ta rantse ba za a ƙara shanya mata warin gumin ƙarti a tsakar gida ba. Aka yi ta karɓe masa ayyuka ɗaya bayan ɗaya, har ya rage masa guda ɗaya tak, wanda ba mai iya karɓa, wato gwangwani.

Wani tsohon gwangwanin sukari ne mai murfi. Baffa ya naɗe shi da baƙar leda saboda danshi, ya ɗaure da robar tayar keke, sannan ya zagaye shi da waya, ya bar mata 'yar jela da yake kamawa ya zaro shi daga ƙasa. Duk ranar da Guguwa ke da wasa a filinta na makarantar firamare, da sassafe Baffa zai je da 'yar fartanyarsa ya binne shi a gindin ƙarfen raga na hagu. In an tashi ya tone abinsa ya koma gida. Shekara talatin da shida ke nan ana haka. 'Yan Barunde suka ce asiri ne daga wani malami a bakin Dadin Kowa, 'yan Arawa suka ce kan baƙar mage ne, 'yan Pantami kuwa sau biyu suna turo yara su sace shi. Liman ya taɓa yi masa nasiha, Baffa ya ce, "Allah gafarta malam, Allah ya sani ban taɓa cewa asiri ne ba." Gaskiya ya faɗa. Bai taɓa cewa asiri ne ba, bai kuma taɓa cewa ba asiri ba ne, ya dai bar bakin mutane yana yi masa aiki.

To ga yadda abin ya faro. Wata Asabar yana gola, ya yi tsalle zai ture ƙwallo, bakinsa ya gaisa da ƙarfen raga, haƙoransa biyu na gaba suka zube a ƙasa. Ya ƙi fita. Ya tsince su, don an taɓa gaya masa akwai likita a Jos mai mayar da haƙori, sai dai gajeren wandon gola ba shi da aljihu. Lamba biyar na lokacin, Gilbert, ya juye sukarin da ake lasa a hutun rabin lokaci, ya miƙo masa gwangwanin. Joda ya zuba haƙoran, ya tona rami da dunduniya a gindin ƙarfe ya tura shi ciki. Minti biyar bayan haka ya kama fanareti, Guguwa ta ci ɗaya da nema. Mako na gaba bai zo da gwangwani ba, aka zura musu huɗu. Shi ke nan, magana ta ƙare, dattawan ƙungiya suka same shi har gida suka ce don Allah ya riƙa zuwa da abin nan.

Mutum ɗaya ne a duniya ya san zancen haƙora, shi ne Gilbert ɗin nan, wanda yanzu ake kira Ticha. Ya yi koyarwa har ya yi ritaya, shi ne kuma sakataren Guguwa na har abada, don ba wanda ke son aikin. Shi da Baffa ba su taɓa yini ba su yi musu ba, ba su kuma taɓa yini ba su haɗu ba. Sai dai ko Ticha bai san cewa gwangwanin ya ƙara nauyi a cikin shekarun nan ba. Wannan Baffa ya bar wa cikinsa.

Matsalar Baffa sunanta Shafi'u. Shi ne sabon koci, ɗan marigayi Abdulmumini wanda ya yi wa Guguwa lamba tara a zamanin su Baffa, ya rasu Shafi'u na ɗan shekara shida. Yaron ya je kwas ya dawo da takardar shaida, da agogon wuya, da wasu 'yan robobi masu kama da malafa da yake jerawa a fili. Mai ladabi ne, abin da ya fi ba Baffa haushi ke nan, don mara kunya an san yadda ake yi da shi. A taron ƙungiya ya miƙe ya ce Baffa ya yi wa Guguwa hidima, ya kamata a naɗa shi uban ƙungiya, a ba shi kujerar roba a inuwar darbejiya tare da manyan baƙi. Kowa ya gane fassarar, a tashe shi daga ƙarshen bencin 'yan wasa, inda ya zauna har katakon ya ɗauki siffarsa.

Elias, golan yanzu, shi ya cece shi. Ya ce, "Koc, in ba gwangwani ni ban shiga raga. In kuma akwai gwangwani, mai shi yana benci."

Sauran suka ce haka ne. Shafi'u ya yi murmushi ya zauna. Baffa ya tafi gida yana taku ɗai-ɗai kamar mai sarauta, amma a ransa ya san lissafin. Yaran nan ba shi suke riƙe da shi ba, gwangwani suke riƙe da shi. Ranar da suka san abin da ke ciki, ranar zai koma inuwar darbejiya, yana tafi tare da kansila.

Ana cikin haka gari ya rikice. Shekarun nan ne da mutum ba ya iya wuce shinge sai ya sauka daga mashin ya tura, ana buɗe wa mata kular abinci, ana shafa wa mutane na'ura a ƙofar masallaci da ƙofar coci. Ka ajiye leda a bakin hanya ka shiga shago, kafin ka fito layin ya watse. Bam ya tashi a tasha, Guguwa ta rasa Hudu, lamba uku, wanda ke aikin lodi a can. Makonni shida ba a buga ƙwallo a Barunde ba. Da aka dawo, sai aka tarar an girke sojoji a ƙofar makarantar, da buhunan yashi, da dokar cewa duk abin da zai shiga sai an buɗe shi.

Ranar Juma'a bayan la'asar, ana gobe wasan kusa da na ƙarshe da Damisar Arawa, Ticha ya same shi a teburin mai shayi.

"Joda, gobe ka bar gwangwanin nan a gida."

"Ka taɓa ganin an yi biki an bar amarya a gida?"

"Amaryarka tana da waya a ka. Ka dube shi da idon soja mana. Baƙar leda, roba, waya. Ni kaina da na san abin da ke ciki, in na gan shi a bakin hanya sai na canza layi."

"Ba ta ƙofa zan bi ba."

Ticha ya ajiye kofinsa. "Ta ina za ka bi?"

"Ta inda awaki ke bi."

"Shekararka sittin da biyar."

"Akuyar gidan Hikima ta girme ni a shekarun awaki, kullum ta nan take shiga."

Ticha ya ce ya wanke hannunsa. Baffa ya ce dama tun yana lamba biyar haka yake, in aka kawo hari sai ya wanke hannu ya bar gola da mutane.

Da gari ya waye, Baffa ya yi sallar asuba, ya jira rana ta ɗan fito, ya saɓa fartanya, ya rungumi gwangwani a cikin babbar riga. Ya zaga ta bayan makaranta inda katanga ta rushe ta bar kafa. Ya durƙusa ya shige, rigarsa ta kama a bulo ta yage, bai damu ba. Ya ratsa fili a sunkuye, yana waige-waige, wato dai duk abin da mai gaskiya ba ya yi, Baffa ya yi shi a safiyar nan. Ya isa gindin ƙarfe ya tona raminsa, ya saka gwangwani, ya fara mayar da ƙasa yana gyara jelar waya.

"Baba, kar ka motsa. Ɗaga hannu."

Ya ɗaga kai. Wani kofur ne a kan tankin ruwan makaranta, bakin bindigarsa na kallon hular Baffa. Kafin ya ce uffan wasu uku sun iso. Aka janye shi can tsakiyar fili aka zaunar da shi a ƙasa, hannuwa a ka. Ya fara bayani cewa shi ne tsohon golan Guguwa, wanda ya kama fanareti a shekarar da aka yi zaɓen farar hula, kofur ya ce ya yi shiru.

Labari ya shiga unguwa cewa an kama mai dasa bam a filin makaranta. Mutane suka kwashi yara suka yi ta kansu, mai ƙosai ta bar kaskonta a kan wuta. Can sai labari na biyu ya biyo baya cewa ai Baffa Joda ne da gwangwaninsa. Duk waɗanda suka gudu suka juyo, da gudun da ya fi na farko, don shekara talatin da shida suna jiran wannan rana. Kafin ƙarfe takwas katangar makaranta ta cika da kawuna. Har 'yan Arawa sun samu labari sun cika Keke Napep biyu.

Shugaban sojojin wani saje ne mai suna Matiyu, mutum mai furfura a gemu da idon wanda bai yi barci ba. Ya saurari mai unguwa, ya saurari liman, ya saurari Shafi'u da Elias, kowa na rantsuwa cewa tsohon nan ba ya iya kashe ko kiyashi, in ban da alƙalan wasa da yake kashewa da baki. Saje ya ce ya ji. Ya tambaye su abin da ke cikin gwangwanin. Nan kowa ya kalli ɗan'uwansa.

Ya zo ya tsuguna a gaban Baffa.

"Baba, mene ne a ciki?"

"Kayan ƙungiya ne, ranka ya daɗe."

"Wane irin kaya?"

"Na sirri."

Saje ya shafa fuska. "Baba, ni ma ina da uba kamarka, shi ma haka yake da taurin kai. Bari in gaya maka yadda aikinmu yake. Na kira masu kwance bam, suna hanya. Su ba sa buɗe abu, daga nesa suke tarwatsa shi, ko tukunyar miya ce. Saboda mutanen nan sun tsaya maka, zan ba ka zaɓi. Ko ka je kai kaɗai ka buɗe, mu muna nesa, ka ɗaga duk abin da ke ciki ka faɗi sunansa kowa ya ji, ko ka zauna a nan su zo su yi aikinsu."

Daidai nan Ticha Gilbert ya iso, da singileti da silifa wari-da-wari, yana haki. Saje ya bar shi ya matso. Ticha ya durƙusa kusa da kunnen abokinsa.

"Joda, Allah ya kawo maka mafita, kar ka yi wauta. Bar su su fasa shi."

Baffa ya dube shi.

"Haƙora biyu ne fa. Ko an mayar maka da su yau ba za su ci tsire ba. In suka tarwatsa shi ba wanda zai taɓa sanin komai. Za a ce asirin Baffa sai da aka kira soja da bam kafin a iya da shi. Jikokin Shafi'u ma ba su isa su tashe ka daga benci ba. Gobe ka nemi wani gwangwanin ka zuba tsakuwa."

Wallahi shawarar ta yi kyau, kuma Baffa ya ga kyanta. Ya hango kansa a teburin mai shayi ana ba da labarin ƙarar da aka ji har Pantami. Ya hango 'yan Arawa suna sauka daga hanya in sun gan shi. Har wani ɗan murmushi ya fara zuwa masa ta gurbin haƙoran. Sai ya juya ya kalli gindin ƙarfen, inda 'yar jelar waya ta leƙo daga ƙasa, murmushin ya koma inda ya fito. Tsoro ya kama shi irin wanda bindigar kofur ba ta sa masa ba.

"Ba za a fasa su ba," in ji shi.

"Su wa?"

Baffa ya dafa kafaɗar Ticha ya miƙe, ya ce wa saje zai buɗe.

Aka mayar da kowa bayan buhunan yashi da bayan katanga. Baffa ya taka shi kaɗai zuwa raga, da yagaggiyar riga, ya kama waya ya zaro gwangwani. Ya warware wayar, ya kwance roba, ya ɓare leda. Da ya sa farce zai ɓalle murfi, rabin kawunan da ke kan katanga suka nutse. Murfi ya ce ɓas, ba abin da ya tashi sai wata 'yar ƙura.

"Ɗaga mu gani," in ji saje daga nesa.

Murya dai Baffa yana da ita, shekara hamsin yana horar da ita a kan alƙalan wasa. Ya kwance wani ɗan ƙyalle ya ɗaga abu biyu tsakanin yatsu.

"Haƙorana ne. Na gaba. Wannan ƙarfen ne ya cire su."

Sai katanga ta fashe da dariya. Wani ɗan Arawa ya faɗo daga kan bulo yana riƙe da ciki, yana cewa shekara goma yana tofa addu'a kafin ya buga wa ragar nan ƙwallo, ashe haƙoran tsoho yake wa tofi. Kofur na kan tanki ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Elias ya dafe kai da hannu biyu. Baffa ya ji dariyar nan har cikin ƙashinsa, ya san benci ya tafi.

"Saura," in ji saje, yana ƙoƙarin haɗe fuska.

Baffa ya sake sa hannu. "Wannan ɗan ƙwallon cikin usur ne, na Malam Bobbo, wanda ya kafa ƙungiyar nan da ƙwallon tsumma. Ya rasu shekarar da aka ba mu jiha." Ya ajiye a kan leda. "Wannan maɓallin rigar Isaiah ne, lamba bakwai. Bai taɓa ba kowa ƙwallo ba, har ya koma ga Ubangijinsa." Aka yi 'yar dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Ya ci gaba yana ɗagawa yana kiran suna, ga zoben azurfa da ya lanƙwashe, ga guntun bandejin gwiwa, ga mabuɗin akwatin jesi na farko. Tsofaffin da ke bakin katanga suka fara cewa Allah ya jiƙansa bayan kowane suna. Ticha Gilbert ya tsaya baki buɗe, silifa ɗaya ta fice daga ƙafarsa bai sani ba.

"Wannan ƙusar takalmin Abdulmumini ce, lamba tara. Ta cire ranar da ya ci Pantami uku shi kaɗai, ya ƙarasa wasan yana ɗingishi."

Bai kalli inda Shafi'u yake ba. Ya zaro na ƙarshe, wata jar igiyar takalmi, sabuwa, ko dauɗa ba ta gama yi ba.

"Wannan ta Hudu ce."

Saje Matiyu ya fito daga bayan buhuna ya tako har raga, ya leƙa cikin gwangwanin, ya ga ba komai sai tsatsa.

"Baba, me ya sa kake binne su?"

"Ranka ya daɗe, ni ba jahili ba ne. Na san ba sa ji, ba sa gani, ba sa tare ƙwallo. Amma tare muka saba zuwa filin nan. In na zo ni kaɗai sai ya yi mini faɗi."

Saje ya ce masa ya kwashe kayansa ya tafi, kuma don Allah, in zai fita, ya bi ta ƙofa.

Baffa ya koma gida ya shige ɗaki. Kafin azahar yaran layi sun haɗa waƙa da haƙoransa. Inna Jumma ta kawo masa abinci ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Shekara talatin da shida ina sharar ɗakin nan, in na zo ƙarƙashin gado sai in yi bisimilla in kauce. Ko da tsintsiya ban taɓa taɓa shi ba. Ashe haƙoran da na sani ne tun suna bakinka."

"Jumma, ki bar ni."

"Na bar ka. Ka ci abinci, ƙarfe huɗu ta kusa."

"Ba inda za ni."

Ta dube shi da kyau. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin Asabar ɗin wasa ta same shi a ɗaki ba, ranar sunan ɗansu na fari ma sai da ya sulale. Ta ga da gaske yake, tsokanar ta fita daga bakinta, ta ja masa ƙofa a hankali.

Uku da rabi aka yi sallama. Shafi'u ne, shi kaɗai, da agogonsa a wuya da wani abu a leda. Baffa ya fito zaure ya zauna, ya shirya jin zancen kujerar roba cikin ladabi.

Shafi'u ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baffa, zan iya ganinta?"

Baffa ya gane. Ya shiga ya ɗauko gwangwanin, ya zaro ƙusar ya sa masa a tafin hannu. Ɗan ƙaramin abu ne, baƙi, duk ya cinye ta gefe guda. Shafi'u ya daɗe yana juya shi.

"Ko hotonsa da jesi ba mu da shi a gida," in ji shi. "Da gaske uku ya ci?"

"Uku. Na huɗun alƙalin wasa ya hana, Allah ya isa. Amma fa kar in yi maka ƙarya, babanka bai taɓa dawowa baya ya taya mu tsaro ba. Yana can gaba hannu a ƙugu, kamar mai jiran mota."

Shafi'u ya yi dariya, ya goge ido da bayan hannu. Ya buɗe ledar da ya zo da ita ya fito da wata roba mai murfi, garau, irin wadda ake zuba alawa a shago ana ganin ta daga waje.

"Saje ya ce ba a hana mu binnewa ba, amma sai a cikin abin da zai iya gani ba sai ya buɗe ba. Elias kuma yana can zaune a ƙasa ya ƙi sa safar hannu. Na ce masa ai ka ji da kunnenka, haƙora ne. Ya ce ya ji, shi dai ba ya tsayawa a raga Hudu ba ya bayansa."

Baffa ya kalli robar, ya kalli yaron. "To, in na binne sai in wuce inuwar darbejiya?"

"Baffa, ni da na zo jiya, ina ni ina tayar da mutumin da haƙoransa suka riga kowa shiga gwangwani? Ka tashi mu tafi, an kusa busa usur."

Ta ƙofa suka shiga. Saje Matiyu ya ɗaga robar ya duba ta a rana, ya ƙirga da ido, ya miƙa wa Baffa da hannu biyu. A gaban kowa aka binne ta, 'yan wasa goma sha ɗaya na tsaye a kewaye, masu fatiha suka yi, masu addu'a da sunan Yesu suka yi. Baffa ya je ƙarshen benci ya zauna a gurbinsa.

Damisar Arawa ta ci su uku da ɗaya. Tun da suka daina tsoron ragar, ta ko'ina bugowa suke. Baffa ya zagi alƙalin wasa tun daga usur na farko har na ƙarshe, da aka tashi kuma ya tara yaran ya ce laifinsu ne, da can mutanen suna cikin duhu ba su san abin da ake yi ba, yau an sa su a roba sun ga irin ƙwallon da ake bugawa da sunan Guguwa, kunya ta hana su taimakawa. Liman da ke wucewa ya ce, "Joda." Baffa ya ce wasa yake yi, Allah gafarta malam.

Fili ya watse, ya rage shi da Ticha a gindin ƙarfe. Baffa ya tone robar yana kakkaɓe mata ƙasa. Ticha ya daɗe yana kallonta, sannan ya zaro biron da yake rubuta sunayen 'yan wasa da shi, ya cire murfin, wanda duk ya tattaune, ya miƙa.

"Ajiye mini wannan."

"Mayar da kayanka. Ba a shiga da rai."

"Kai fa? Naka suna ciki."

"Ni gola ne, gola ke fara shiga fili."

Ticha bai janye hannunsa ba. Baffa ya karɓi murfin, ya mayar da shi kan biron, ya tura biron cikin aljihun rigar Ticha, ya dafe aljihun da tafin hannu, ya ɗan daɗe bai ɗauke ba.

"Gilbert, cikin goma sha ɗayan nan mu biyu muka rage. Kar ka yi mini gaggawa. Akwai wasan neman na uku Asabar mai zuwa, kuma kai ne mai rubuta sunaye."

Ticha ya ce to. Baffa ya rungumi robarsa, Ticha ya ɗaukar masa fartanya, suka nufi ƙofa suna musu a kan wanda ya jawo ƙwallo na biyu.